Tauraro ba shi da ƙaho: daga ina tsinin hasken hotunan Webb da Hubble yake fitowa?

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan sallar isha'i, wani ƙanen abokina da ke karatu a jami'a ya miƙo mini wayarsa. Hoton duniyar Neptun ne, wanda na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauka, aka fitar da shi ranar 21 ga Satumban 2022. Ga Neptun nan sumul kamar ƙwan zabo, da zobbanta sirara kewaye da ita. Can sama ta hannun hagu kuma ga wani abu yana walƙiya, ya fitar da ƙahonin haske dogaye miƙaƙƙu, kai ka ce da rula aka ja su.

"Yaya, don Allah dubi nan," in ji shi. "Ita duniyar ba ko tsinke a jikinta, shi kuwa tauraron har da ƙahoni takwas. Wannan ai haɗin kwamfuta ne."

Na ce masa a wuri biyu ya kuskure. Abin da ya kira tauraro ba tauraro ba ne, Triton ne, babban watan Neptun. Ƙahonin kuma babu wanda ya zauna ya zana su. Amma ban ga laifinsa ba, domin inda ya sa yatsa nan ne ainihin inda maganar take. Tauraro curin wuta ne irin ranarmu, ba shi da ƙaho ko ɗaya. Abin da muke gani a hoto shaidar na'urar da ta ɗauki hoton ne, kamar tsagar gado a fuska. Wanda ya san aska, da ganin zube ya san gidan da mutum ya fito. Haka wanda ya san wannan harka, da ya ƙirga ƙahonin tauraro zai gaya maka na'urar da ta yi aikin: huɗu na Hubble ne, manya shida da ƙanana biyu na Webb ne, shida cif kuma sau da yawa na Euclid ne, na'urar Turai da aka harba ranar 1 ga Yulin 2023.

Kafin a je sararin samaniya sai a fara daga tsakar gida. Kana kwance a ɗaki, katanga ta raba ka da masallacin unguwa, ba ka ganin ladan amma kana jin kiran salla tar. Me ya sa sauti ya zagayo katangar, haske bai zagayo ba? Dukansu biyu tafiyar igiyar ruwa suke yi, tudu da kwari, tudu da kwari. Tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya da na gaba shi ne zango, kalmar da duk mai sauraron rediyo ya sani tun daga "gajeren zango mita kaza". Ɗabi'ar igiya ce idan ta zo bakin shinge ba ta yankewa ƙat, sai ta ɗan karkata ta bazu ta bayan shingen. Yawan bazuwar ya dogara ne ga tsawon zangon idan an gwada shi da girman shingen. Zangon muryar mutum bai rasa mita guda ba, kusan sa'ar katanga ke nan, shi ya sa take zagayawa hankali kwance. Zangon hasken da ido ke gani kuwa, ka kasa milimita ɗaya gida 2,000 ka ɗauki kashi ɗaya. Shi ma yana karkata a bakin katangar, sai dai ɗan kaɗan ne ƙwarai, har ba ma lura. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi masana ke kira difirakshan, kuma shi ne uban ƙahonin nan duka.

Wani malamin coci ɗan Italiya, Francesco Grimaldi, shi ya raɗa wa abin suna, a aikinsa da aka buga a 1665 bayan mutuwarsa. Ya lura cewa gefen inuwa ba ya fita tsaf yadda lissafin miƙaƙƙen layi ya ce, akwai wasu ratsi-ratsi na haske da duhu a bakinta. An shafe fiye da shekara 150 ana ja-in-ja a kai. A 1818 wani injiniya Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya miƙa wa majalisar masana kimiyya ta Faransa lissafin da ke nuna haske igiya ne. Ɗaya daga cikin alƙalan, Siméon Poisson, bai yarda ba, sai ya ɗauki lissafin ya bi shi har ƙarshe don ya kunyata mai shi. Ya ce in dai haka ne, to idan aka haska wani faifai mai zagaye, dole a ga ɗigon haske a tsakiyar inuwarsa, wanda kowa ya san shirme ne. François Arago ya je ya gwada. Sai ga ɗigon nan a tsakiyar inuwa, daidai inda aka ce. Wanda ya haƙa ramin shi ya faɗa, kuma har yau da sunan Poisson wasu ke kiran ɗigon.

Ba sai mai karatu ya ɗauki maganata ba. In dare ya yi, a ari mayafi mai shara-shara, ko rariyar tankaɗe mai ƙananan idanu, a tsaya a kalli wani ƙwan fitila da ke can nesa ta cikinsa. Fitilar za ta fitar da ƙahoni huɗu kamar alamar tarawa. A juya mayafin a hankali, ƙahonin za su juya tare da shi, fitilar kuwa tana nan inda take. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa ƙahon ba na fitila ba ne. Zaren tsaye na saƙar shi ke watsa haske hagu da dama, zaren kwance kuma ya watsa shi sama da ƙasa. Ƙa'idar ke nan, kuma duk sauran bayanin a kanta ya rataya: kowane miƙaƙƙen gefe yana watsa haske ne a gicciye da kansa, zuwa ɓangarori biyu. Wanda ya taɓa goge kyamarar wayarsa da yatsa bayan ya ci ƙosai ya ga irin haka. Maiƙon yana barin layuka ta inda yatsa ya bi, sai kowace fitilar titi ta fito da dogon wutsiya a gicciye da layukan.

To idan gefen ba miƙaƙƙe ba ne fa? Idan ƙofar da haske ke shiga zagayayya ce, gefenta yana fuskantar kowace nahiya daidai wa daida, saboda haka hasken da ya watsu ba ya taruwa a layi ɗaya. Sai ya zama ɗigo mai haske a tsakiya da zobba dusu-dusu kewaye da shi. George Airy na Ingila ya fitar da lissafin wannan a 1835, kuma kusan kashi 84 cikin 100 na hasken yana zama ne a ɗigon tsakiya. Shi ya sa na'urar hangen nesa mai gilashi zalla, wadda ba abin da ya gitta mata gaba, ba ta yi wa tauraro ƙaho.

Matsalar ita ce manyan na'urori ba da gilashi ake yin su ba, da madubi ne, irin wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668. Madubi kuwa gaba yake mayar da haske, wajen da ya fito. Ku tuna manyan farantan dish na da, waɗanda ake girkewa a tsakar gida ko kan bene. Farantin yana tattara sigina ya cilla shi gaba, don haka dole a rataye abin karɓa a gaban farantin, a tsakiya, da ƙafafun ƙarfe uku ko huɗu riƙe da shi. Haka na'urar hangen nesa take. Babban madubi ya tattara haske, ƙaramin madubi da ke rataye a gabansa ya mayar da shi baya zuwa kyamara. Ƙaramin nan ba zai tsaya a iska ba, sai da sanduna. Hasken tauraro kuma sai ya ratsa ta gefen sandunan kafin ya taɓa babban madubi. Wani Bafaranshen, Jacques Babinet, ya nuna cewa siririn sanda da siririyar tsaga masu faɗi ɗaya kusan iri ɗaya suke watsa haske. Wato kowane sanda tamkar zare ɗaya ne na mayafin nan.

Hubble, wadda jirgin Discovery ya kai sama ranar 24 ga Afrilun 1990, tana da madubi zagayayye mai faɗin mita 2.4, da sanduna huɗu da suka haɗu kamar alamar tarawa. Kowane sanda yana ba da ƙaho biyu, ya kamata a ce takwas ke nan. Amma sandan sama da na ƙasa a layi ɗaya suke, ƙahoninsu sun hau kan juna, haka ma na hagu da na dama. Sai aka tashi da huɗu. Euclid mai sanduna uku, da babu wanda ya yi layi ɗaya da wani, sai ta ba da shida. Abin da ban dariya: rage sanda ya ƙara ƙaho.

Na Webb ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma nan ne ya kamata a zauna sosai. Faɗin madubinta mita 6.5 ne. Babu rokar da za ta ɗauki madubi mai wannan faɗi a buɗe a lokacin, domin cikin hancin rokar Ariane 5 da ta ɗaga ta daga Kourou ranar 25 ga Disamban 2021 bai kai mita biyar ba. Sai aka yanka madubin gida 18, kowane yanki mai gefe shida kamar saƙar zuma, an yi shi da ƙarfen beriliyam an shafe fuskarsa da zinariya. Aka naɗe fikafikan madubin biyu kamar ganyen ƙofa, sai da ta kama hanyar mazauninta, kilomita miliyan 1.5 daga nan, sannan aka buɗe. An zaɓi mai gefe shida ne don yana haɗuwa da 'yan'uwansa ba tare da barin manyan giɓi ba, kuma jimillar tana kusa da da'ira. Ƙudan zuma sun riga injiniyoyi gano wannan.

Sai dai ka sayi wannan sauƙi da tsada. Madubin da ya kamata ya zama da gefe ɗaya zagayayye, yanzu ya cika da miƙaƙƙun gefuna: bakin waje mai hawa da sauka, ga kuma 'yan tsagogi tsakanin kowane yanki da maƙwabcinsa. Abin da ya cece su shi ne duk yawan gefunan nan, fuska uku kawai suke kallo. Akwai na kwance, akwai wanda ya karkata dama, akwai wanda ya karkata hagu, domin a siffa mai gefe shida kowane gefe yana da abokin da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Fuska uku, kowace ta ba da ƙaho biyu, shida ke nan. Gefunan kwance su ne ke ba da dogon ƙahon da ya miƙe sama da ƙasa, karkatattun kuma su ba da guda huɗun da suka yi kamar harafin X. Da yake gefunan suna da yawa, kuma duk suna zuba haskensu a layuka ukun nan, ƙahonin suka yi kauri da haske fiye da na Hubble.

Saura ƙananan biyu. Ƙaramin madubin Webb, mai faɗin santimita 74, sanduna uku ke riƙe da shi, kowanne ya haura mita bakwai. Ya kamata su ƙara ƙahoni shida, a tashi da goma sha biyu. Amma masu zanen sun yi dabara. Sandunan ƙasa guda biyu an karkatar da su daidai da karkatar gefunan madubin, sai ƙahoninsu huɗu suka ɓuya a cikin manyan da ake da su. Na sama shi kaɗai ne ya tsaya cak a tsaye, babu gefen madubi da ya yi layi da shi, don haka nasa ƙahon ya fito shi kaɗai, a kwance, gajere kuma dusu-dusu. In ka ɗauki kowane hoton Webb mai tauraro mai haske, ka duba tsakanin manyan ƙahonin hagu da na dama, za ka ga 'yan biyun nan kamar gashin baki. In kuma ka ga tauraro da ƙahoni fiye da takwas, akasari hotuna biyu aka haɗa waɗanda aka ɗauka a lokuta dabam, na'urar ta ɗan juya a tsakani.

Wanda ya zura ido zai kuma ga ƙahonin ba launi ɗaya ba ne, suna da gaɓa-gaɓa kamar rake, ja da shuɗi suna musanya. Dalili shi ne dogon zango ya fi gajere bazuwa. Hotunan Webb masu launi haɗi ne na hotuna da dama, kowanne an ɗauke shi da zango dabam na hasken infared, wanda idonmu ba ya gani, sannan aka ba kowanne launi. Gaɓoɓin kowane zango ba sa faɗawa wuri ɗaya, shi ne launukan ke rarrabuwa. Nan kam ƙanen abokina yana da 'yar gaskiya, launin zaɓar sa aka yi. Siffar ce ba a taɓa ba.

Yanzu mu koma ga tambayarsa ta ainihi. Me ya sa Neptun ba ta da ƙaho, Triton ke da shi?

Amsar da ta fi daidai ita ce Neptun ma tana da shi, ba a gani ne kawai. Na'urar ba ta san bambancin tauraro da duniya ba. Duk ɗigon haske da ya shigo, sai ta buga masa tambarin nan mai ƙaho takwas. Tauraro, saboda tsananin nisansa, ɗigo ɗaya tak yake zama komai girmansa, don haka tambari ɗaya ake bugawa, ya fito raɗau. Duniya kuwa tana da faɗi a idon na'urar, ɗaruruwa ko dubban ɗigo ne jere da juna, kowanne da nasa tambarin. Ka ɗauki hatimi ka buga sau ɗaya a takarda, kowa zai karanta. Ka buga shi sau dubu kana gusawa kaɗan-kaɗan, sai ka tashi da dabbaren tawada. Ƙahonin duniya haka suke narkewa cikin juna su zama wani ɗan hazo a gefenta.

Neptun tana da faɗin kusan kilomita 49,000, tana nesa da rana ninki 30 na nisanmu. Duk da wannan nisa Webb tana ganin ta a matsayin faifai. Triton kuwa faɗinsa kilomita 2,700 ne kacal, daga nan bai wuce ɗigo ba sai da kaɗan. Sannan ga dalili na biyu, wanda shi ya sa hoton ya zo a birkice. Iskar Neptun tana da sinadarin methane, shi kuma yana shanye irin hasken infared da kyamarar ke kallo, sai duniyar ta yi duhu in ban da gizagizai masu tsayi da zobba. Triton kuwa lulluɓe yake da ƙanƙarar naitirojin, tana mayar da kusan kashi 70 cikin 100 na hasken ranar da ya sauka a kansa. Ƙaramin abu mai ƙyalli da babban abu mai duhu, sai ɗa ya fi uwarsa haske. Kafin wannan hoton, rabon da a ga zobban Neptun haka tun wucewar kumbon Voyager 2 a 1989, amma rabin masu kallo Triton ya ɗauke wa hankali.

Hoton duniyar Mushtari, wato Jupiter, da aka fitar ranar 22 ga Agustan 2022 ya ƙara fito da abin fili. Ita faifan ba ta da ƙaho, amma hasken da ke ci a ƙuryar arewa da ta kudu, da yake ya tattaru a ƙaramin wuri kuma yana da ƙarfi, ya fitar da nasa ratsin. Daga hagu kuma akwai wani layin haske da ya kutso cikin hoton ba a ga mai shi ba. Ƙahon Io ne, ɗaya daga cikin watannin Mushtari, wanda shi kansa yana wajen hoton. Mutum yana waje, inuwarsa ta shigo zaure.

Wannan ƙa'idar ce masu nazarin taurari ke amfani da ita a kallo ɗaya. A hoton farko da shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya nuna ranar 11 ga Yulin 2022, na tarin galaksi, wato manyan garkunan taurari, da ake kira SMACS 0723, kusan duk abin da ka ga yana da manyan ƙahoni tauraro ne na galaksin da muke ciki, wanda ya gitta tsakaninmu da abin da ake son ɗauka. Dubban ɗige-ɗigen da ba su da ƙaho kuwa kowanne galaksi ne mai ɗauke da taurari bila adadin. Wato abin da ya fi ɗaukar ido a hoton shi ne mafi ƙarancin muhimmanci. Akwai togaciya. Galaksin NGC 7469, mai nisan da haske ke shafe kusan shekara miliyan 220 kafin ya iso mu, ya fito da ƙahoni manya daga cibiyarsa, saboda a can akwai wagegen baƙin rami da ke haɗiyar iskar gas, kuma hasken da ke fita daga wurin ya tattaru a ɗan ƙanƙanin fili. Ganin ƙaho a tsakiyar galaksi labari ne da kansa. Ƙananan taurari su ma suna da ƙaho, sai dai nasu ya yi rauni har ya nutse cikin duhun hoton, domin ɗan kaso kaɗan ne na hasken tauraro ke tafiya can.

Ba kowane layi ne difirakshan ba, kuma a nan ne masu yaɗa jita-jita ke cin kasuwa. Kumbon SOHO, wanda ke kallon rana tun 1995, idan Zara ko wata duniya ta gitta gabansa takan fito da layi ɗaya a kwance kamar fikafikai. An sha yaɗa irin waɗannan hotuna ana cewa ga jirgin baƙin halittu, ko ga ɓoyayyiyar duniya tana tahowa. Abin da ya faru shi ne hasken ya fi ƙarfin ɗigon kyamarar, ya cika ya tumbatsa zuwa na kusa da shi, kamar a cika kwalbatoci jere da juna da tiyo. Akasin haka kuma ya faru da tauraron WR 140. Webb ta nuno shi a 2022 da ƙahoninsa, da kuma zobba aƙalla 17 kewaye da shi, wasu suka ce ai su ma zobban aibin na'ura ne. Ashe na gaske ne. Taurari biyu ne ke zagaya juna, duk bayan kusan shekara takwas su kusanci juna, iskarsu ta yi karo ta fesar da ƙura. A hoto guda, ƙahon na na'ura, zoben na sama. Ni a ganina hukumomin da ke sakin waɗannan hotuna suna da nasu kason laifin ruɗanin. Bayanin yana nan a shafukansu, amma hoton yana tafiya a WhatsApp da Facebook tsirara, ba ko layi ɗaya a ƙarƙashinsa.

Su kansu masanan, zaman doya da manja suke yi da ƙahonin nan. Ta wani gefen suna da amfani. A Fabrairun 2022, da aka fara auna Webb a kan tauraron HD 84406, ɗigo 18 aka gani warwatse, kowane yankin madubi yana nuna nasa. Aka yi makonni ana motsa yankunan da ƙananan injuna, motsin da bai kai kaurin gashi ba ko kusa, har suka zama tamkar madubi ɗaya. Hoton da aka fitar ranar 16 ga Maris na shekarar, tauraro guda ja-ja-jur da ƙahoni masu kaifi, shi ne shaidar cewa aiki ya yi. Da madubin bai daidaita ba, da ƙahonin sun fito a tarwatse. Masu ɗaukar hoton taurari don sha'awa har da gangan suke ƙirƙiro ƙaho. Wani ɗan Rasha, Pavel Bahtinov, ya fito da wani murfi mai tsage-tsage a 2005. Ana kifa shi a bakin na'ura, tauraro ya yi ƙahoni uku masu gittawa, a yi ta murɗa saiti har na tsakiya ya zauna daidai tsakanin biyun, sannan a cire murfin.

Ta ɗaya gefen kuwa ciwon kai ne. Duk abin da ya kwanta ƙarƙashin ƙaho ya ɓace. Tauraron Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi kuma ya fi kowane tauraro haske da dare, yana da wani ƙaramin abokin tafiya da ya fi shi rauni kusan sau 10,000. A sanannen hoton da Hubble ta ɗauka, Shi'ira ya cika fili da ƙahoninsa huɗu, abokin kuma ɗan ɗigo ne a raɓe ta ƙasa hagu. Da ƙaho ya bi ta kansa, shi ke nan. Dabarar da ake yi ita ce irin ta mayafi. A ɗauki hoto, a ɗan juya na'urar, a sake ɗauka. Abin da ya juya tare da na'ura nata ne, abin da ya tsaya na sama ne, sai kwamfuta ta debe ɗaya daga ɗaya. Wani lokaci kuma tun a cikin kyamara ake sa wani ɗan faifai ya toshe tauraron, da wani murfin da ke rufe gefunan madubi da sanduna. Da haka Webb ta ɗauki hoton duniyar HIP 65426 b a 2022, wadda ke zagaya wani tauraro dabam.

Da na kai nan, yaron ya tambaye ni abin da ban zata ba. Ya ce to me ya sa tun kafin a ƙera waɗannan na'urori mutane ke zana tauraro da tsini, a kan tuta, a kan hasumiya, a littafin 'yan firamare? Domin ido ma na'ura ne, kuma shi ma yana da nasa tambarin. Gilashin da ke cikin ƙwayar ido ba sumul yake ba, zaruruwa ne da suka haɗu a wasu layukan ɗinki, ga gashin ido, ga danshin hawaye a bakin fatar ido. Ka kalli Gamzaki da asuba ka ɗan runtse ido, za ka ga tsinin ya miƙe, ka karkata kai ya bi ka. Tsinin da kake gani ba irin wanda na kusa da kai yake gani ba ne, ko idonka na hagu da na dama ba lalle su yi daidai ba.

Za a iya rabuwa da ƙahon gaba ɗaya? Ana iyawa, kuma maganin yana manne a bangon gidaje da yawa. Ku dubi ƙananan dish na yanzu. Hannun da ke riƙe da abin karɓar sigina daga ƙasa ya fito, kuma farantin an ƙera shi ne ya cilla sigina gefe, don kada komai ya tsaya a hanyar da sigina ke shigowa. Ana ƙera na'urar hangen nesa a kan wannan tsari. Ta Daniel K. Inouye da ke Hawaii, mai madubin mita huɗu da ke kallon rana, haka take. Sai dai ƙera irin wannan madubi da daidaita shi ya fi wuya, jikin na'urar kuma yana ƙara girma, ga roka ba ta da wurin banza. Manyan na'urorin ƙasa ma ba su bi ta nan ba. Wadda Turawa ke ginawa a kan dutsen Cerro Armazones a Chile, mai faɗin mita 39, yanki 798 masu gefe shida za ta ƙunsa, ƙahoninta kuwa sai wanda ya gani.

Inda abin ya zama dole shi ne neman duniya irin tamu a gefen wani tauraro irin rana. Irin wannan duniya ta fi tauraronta rauni kusan sau biliyan 10 a hasken da ido ke gani, kuma a manne take da shi. Ɗan abin da sanda ɗaya zai watsa ya isa ya binne ta. Shi ya sa a cikin zane-zanen da hukumar NASA ke nazari na babbar na'urar da take son harbawa don wannan aiki, wadda ta kira Habitable Worlds Observatory, akwai masu ƙaramin madubi a gefe, ba sanda ko ɗaya a gaban babban, irin dish ɗin da ke jikin katangar da muka jingina da ita a daren.